Injin sassaƙa mai kwamfuta: in saya ko in haɗa da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ina yawan ganin bidiyon injin CNC, wanda kwamfuta ke tuƙawa yana zane a jikin katako. Ina so in riƙa yin allunan suna na shaguna da adon ƙofar kabad da kan gado na kayan aure. Jarina bai taka kara ya karya ba. Abokina mai walda ya ce in kawo kuɗin ƙarfe mu haɗa namu, wai ya fi arha. In saya ne, ko in bi shawararsa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ƙarfen da ya lissafa shi ne mafi arha a cikin injin. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan motsi: layukan ƙarfe masu boris da kan injin ke gudu a kai, dogayen sukurori ko bel masu jansa, motocin lantarki uku ko huɗu na girman da ake kira NEMA 23, direbobinsu (ƙananan na'urorin da ke ba su wuta), da injin yankan kansa. Kusan duk daga China suke zuwa, farashinsu na bin dala, ga kuɗin jirgi ga na kwastam. Ko ka haɗa ko ka saya, waɗannan sai ka biya su.

Ɗan injin da ya cika tallace-tallacen intanet sunansa 3018, kuma sunan awonsa ne: santimita 30 a tsawo, 18 a faɗi. Zai rubuta suna a ƙaramin allo, zai zana roba da katako mai laushi, yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Kan gado kuwa ko kusa. Duk da haka shi nake so ka fara saya, don ɗan makaranta ne mai arha. Rabin sana'ar nan a kwamfuta take. Za ka zana a manhaja irin Inkscape ko FreeCAD, duk kyauta ne, ka mayar da zanen zuwa umarnin da ake kira G-code, sannan ka tura wa injin. Manhajar Grbl da ke tafiyar da 3018 ita ce dai za ka iya sa wa babba a kan Arduino, wani ɗan allon lantarki mai sarrafa motocin, don haka abin da ka koya ba asara ba ne. Gara ka karya bakin yanka goma a ƙaramin inji da ka lalata katakon maɗaci na mai kaya.

Babban kuwa, wanda zai ɗauki ƙofar kabad, ra'ayina ka haɗa shi nan gida, domin jigilar gangar jiki mai nauyi daga waje ita kaɗai za ta cinye jarin. Amma a nan zan saɓa da mai walda. Zafin walda yana jan ƙarfe. A ƙofar gida ko tagar shago, karkatar milimita biyu ba wanda zai kula. A CNC kuwa da'ira za ta fito kamar ƙwan zabuwa. Ya walda teburin ƙasa kawai. Inda layukan za su zauna a huda, a ɗaure da noti, yadda in ya karkace za a sassauta a gyara. Akwai tsarin kyauta a intanet mai suna PrintNC da aka gina a kan wannan dabara, da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu. Akwai kuma MPCNC, mai amfani da bututun wayarin da gaɓoɓin roba da ake bugawa da firintar 3D, wato injin da ke ƙera abu da narkakkiyar roba. Ya fi arha, amma ka auna kaurin bututun kafin a buga, don gaɓoɓin na milimita 23.5 ne ko 25 ko 25.4. Kuma robar PLA, wadda aka fi buga gaɓoɓin da ita, tana laushi wajen digiri 60, ni kuwa ban yarda da ita a ƙarƙashin rufin kwano a zafin Afrilun Katsina ba.

Kada kwaɗayin girma ya ja ka. Duk tsawon da ka ƙara wa gadar da ke ɗauke da kan injin, lanƙwasarta ƙaruwa take yi ninki-ba-ninki. Auna ƙofar kabad mafi girma da kake yi, ka tsaya nan.

Na yanka, ƙaramin injin hannu irin Makita RT0700 ya isa: wat 710, yana juyi dubu 10 zuwa dubu 30 a minti. Ka tabbata na bolt 220 zuwa 240 ne, ba na Amurka mai 120 ba.

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyon can ba su da matsalarta. Motocin nan ƙirga taku suke yi, 200 a kowane juyi, kuma ba su da ido. Aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, lissafin ya tafi. Sa ƙananan makunnai a ƙarshen kowane layi don injin ya riƙa komawa mafarinsa, ka kuma rubuta lambobin wurin da ka fara a takarda. Kwamfutar da allon Arduino su zauna a kan inbata, dogon aiki kuma a tada janareto tun farko. A ja wayar ƙasa ta gaske, in ba haka ba tartsatsin injin yanka zai riƙa katse saƙon wayar USB da ke haɗa kwamfuta da injin. Ƙurar hunturu da garin katakon MDF su ma suna cin boris, kuma suna cin huhu, saboda haka takunkumi da injin zuƙar ƙura su shiga lissafi.

In ka gamu da na hannu ana sayarwa a Kano, kada kyan fenti ya ruɗe ka. A kunna shi, ka kama kan injin ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas akwai wasa a jikinsa. Sannan a yanka maka murabba'i mai santimita 10 a filawud, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Kowanne ya ba ka 14.1. In sun bambanta, sai a rage kuɗi ko ka bar masa kayansa.