Yaro na karɓar kemo, ga zazzaɓi da ciwon ciki: a fara zuwa sikanin?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 yana karɓar kemo saboda kansar jini. Sau uku ke nan ana tura mu sikanin. Ba zai ƙona masa ciki ba? Jiya ya kwana da zazzaɓi da ciwon ciki, maƙwabciyata ta ce mu fara leƙa shagon sikanin na bakin titi. Wata uwa daga Rigasa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Sikanin ba ya ƙona komai. Sauti ne ke shiga jiki ya dawo da hoto, ko sau goma aka yi babu illa. Ɓarnar magani muke bibiya da shi: hanjin da ya kumbura a gefen dama ƙasan cibiya har kaurin bangonsa ya haura milimita 4, ko pankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) da allurar asparaginase, ɗaya daga cikin magungunan kemo, ta taɓa, ko jinin da ya daskare a jijiya.

Amma maganar maƙwabciyarki ce ta tayar mini da hankali, don kullum sai na ci karo da ita. Yaro yana zazzaɓi, a ɗora shi a keke Napep zuwa shago, wanda ko sunan maganin yaron bai sani ba ya shafa masa man nan mai sanyi, minti biyu ya miƙo takarda: babu komai. Uwa ta yi hamdala, a koma gida da farasitamol. Washegari a kawo mana shi jiki ya saki, hannu da ƙafa sun yi sanyi.

Sikanin ba ya ganin ƙwayar cuta a cikin jini! Ba ya ƙirga fararen ƙwayoyin jini, ba ya leƙa ɓargo inda kansar take. Yaron da kemo ya karya wa garkuwa, zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, cikin awa guda muke so maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiyarsa. Hoto daga baya ne. Masu buɗe shago da injin da ba su koyi karanta shi ba kuwa, su ji tsoron Allah, rayukan 'ya'yan mutane ne a hannunsu.

Hajiya, ajiye wayar nan. Ɗauki katinsa ki kai shi asibitin da ake masa kemo yanzu, kina shiga ki gaya wa nas ranar da aka yi masa na ƙarshe.