Da me ake gane gungun taurari ya taɓa haɗiye wani?

Tambaya: Malam, na ji an ce manyan gungunan taurari kan cinye ƙanana. Tun da ba a gaban kowa aka yi ba, da me ake kafa hujja? Daga wani ɗalibi a Daura.

Amsa: Ɗana, da sawu ake kafa ta. Idan ƙaramin gungu ya kusanci babba, jan babban ya fi kama gefen da ke kusa da shi, sai ya miƙe ƙaramin kamar igiya, taurarinsa su yi ta zuba a hanyar da ya bi, kamar hatsi daga hujajjen buhu. A 1994 Rodrigo Ibata da abokan aikinsa suka gano ƙaramin gungun Sagittarius, wanda gungunmu, wato wanda Rana take cikinsa, ke yagawa har yanzu. A 2001 kuma suka hango irin wannan doguwar jela a gefen Andromeda, babban gungun da ke maƙwabtaka da namu.

Hujjar da ta fi burge ni tana cikin gidanmu. Makiyayi ba ya kasa gane saniyar da ta shigo daga wani garke, ko da ta shekara a nasa. Tauraro ma yana ɗauke da tsagarsa ta gado: yawan ƙarfe da sauran sinadaran jikinsa, da yadda yake tafiya. Tauraron ɗan'adam Gaia, da Turai ta harba a 2013, ya auna tafiyar taurari fiye da biliyan ɗaya. Da wannan awo, a 2018, ayarin Amina Helmi, masaniya 'yar Ajantina da ke aiki a Holan, ya ware tarin taurari baƙi a cikin gungunmu, waɗanda tafiyarsu da sinadarinsu suka saɓa wa na 'yan gida. Ragowar wani gungu ne da aka haɗiye kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce.

Wani lokacin iskar gas ce ke tona asiri: a gungun M64, ta waje tana juyawa akasin ta ciki.

Kada ka ɗauka karo ake yi kamar na motoci. Tsakanin Rana da tauraro mafi kusa da ita, haske kansa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4, don haka taurari kan wuce juna ba su gogu ba.

Ka fita bayan gari a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin hazo ya sauko, a daren da babu farin wata, ka dubi sama wajen arewa maso gabas bayan sallar isha'i. Za ka ga Andromeda kamar ɗan tabon hayaƙi, haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Jelar kam sai da babbar na'urar hangen nesa.