Awa uku da minti 12 a rabin maraton: me ya sami ƙafafuna a kilomita ta 16?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekaruna 46, na fara sassarfa shekara biyu da suka wuce bayan likita ya ce in rage ƙiba. Kwanan nan na shiga rabin maraton karo na farko, na gama cikin awa 3 da minti 12. Kilomita biyar na farko na cinye su cikin minti 37, ina jin kamar in tashi sama, alhali a atisaye kowace kilomita minti takwas da rabi take ɗaukata. Da na kai kilomita ta 16 sai ƙafafuna suka ƙi, na koma takawa har ƙarshe. Ko da na iso teburin ruwa na ƙarshe ana naɗe shi, 'yan kallo sun watse. Mafi nisan da na taɓa yi a atisaye kilomita 14 ne, kuma ban ci komai a hanya ba, ruwa kawai nake sha a kowane tebur. An rataya mini lambar yabo, amma na kasa nuna wa kowa, ina ganin ban cancance ta ba. Me ya same ni? Kuma irina ya dace ya sake shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da gamawa, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Nisan rabin maraton kilomita 21 ne da mita 97.5, wato rabin nisan nan na kilomita 42.195 da aka yi a gasar Olamfik ta Landan a 1908, wanda daga baya ya zama ma'aunin maraton a duniya. Ba a rage maka ko taku ɗaya ba. Ciro lambar nan daga inda ka ɓoye ta.

Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mutane kan riƙe rabin farko na maganar su saki na biyu, alhali ga mai gudu a hankali daɗewar nan ita ce dukkan lamarin. Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi wannan nisan cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a birnin Balensiya a 2021. Kai ka shafe ninkin wannan lokaci uku a tsaye kan ƙafafunka. Idan mai sassarfa yana taku kimanin 160 a minti, ka buga ƙafa a ƙasa kusan sau 30,000, ita kuwa bai fi sau 12,000 ba. Ta gama tun rana ba ta ɗaga ba, kai rana ta same ka a hanya. Nisa ɗaya ne, amma aikin da jiki ya yi daban ne, kuma yawancin shawarwarin da ake yaɗawa an tsara su ne don masu gamawa cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Kai da awa za ka riƙa lissafi, kilomita ta biyo baya.

Mu koma kan lambobin da ka ba ni, domin amsar tana cikinsu. Da ka riƙe saurin atisayenka, minti takwas da rabi a kilomita, tun daga farko har ƙarshe, da ka shiga layin ƙarshe cikin awa 2 da minti 59. Kilomita biyar na farko a wannan sauri minti 42 da rabi ne, kai ka yi 37. Ka ci ribar minti biyar da rabi ke nan. Idan tsakiyar tseren ka koma saurinka na kullum, ka kai kilomita ta 16 wajen awa 2 da minti 10, sauran kilomita biyar da ɗoriya suka ci maka sama da awa ɗaya, inda ya kamata su ci minti 43. Bashin minti biyar da rabi ka karɓa da safe, ka biya da kimanin minti 18.

Wannan kuskure kusan kowa ya yi shi a tserensa na farko, kuma ba rashin hankali ke kawo shi ba. Ka huta kwanaki kafin ranar, ƙafa ta yi sauƙi, ga kiɗa, ga taro yana janka, ga zumuɗi ya sa zuciya na bugawa tun ba a tashi ba. Saurin da a ranar atisaye zai sa ka haki, ranar tsere sai ka ji shi kamar yawo. Jiki kuwa yana rubuta komai. Man da tsoka ta fi so idan ana sauri shi ne sukarin da aka tara a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, kuma rumbunsa ƙarami ne: a aiki mai ƙarfi yakan yi ƙasa sosai bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kitse kuwa rumbu ne babba, sai dai wutarsa a hankali take ci. Duk lokacin da ka ƙara sauri, kason da ake ɗiba daga sukari yana ƙaruwa. Ka buɗe famfon sosai a minti 37 na farko, sannan ba ka zuba komai ba a hanya.

Nan ne nake ganin an fi cutar da masu gudu a hankali da gurguwar shawara. Za ka ji ana cewa rabin maraton ba ya buƙatar cin komai, sai cikakken maraton. Ga wanda zai gama cikin minti 80 maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga mai awa uku, ba ta da shi. Akwai gwanaye da yawa da ke gama cikakken maraton cikin lokacin da ka yi, kuma babu kocin da zai tura su da ruwa zalla. Abin da masana abincin 'yan wasa suka daɗe suna ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci mai saurin narkewa a kowace awa, idan aikin zai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka fara tun wajen minti na 40, ka maimaita bayan kowane minti 30 zuwa 40, kada ka jira sai ka ji yunwa ko jiri, domin a lokacin an riga an makara. Ko 'yan ƙunshin sukari mai kauri da ake yi wa masu gudu, ko abin sha na 'yan wasa, duk wanda cikinka ya karɓa. Sai dai ka gwada shi a atisaye sau da dama, ba a fafe gora ranar tafiya. Ciki ma ana horar da shi kamar ƙafa.

Dalili na uku shi ne kilomita 14 ɗin nan. A saurinka wannan kusan awa biyu ne. To duba daidai lokacin da ƙafafunka suka ƙi: awa biyu da minti goma. Daga nan ka shiga ƙasar da tsokarka ba ta taɓa takawa ba. Cinya da sha-raɓa suna karɓar nauyin jiki a kowane taku, zaruruwansu suna ɗan yagewa kaɗan-kaɗan, kuma juriyar wannan dukan ba ta samuwa sai da daɗewa a tsaye, mako bayan mako. Numfashinka mai yiwuwa bai ƙare ba, ƙafar ce ta gaji. Kafin tsere na gaba ina so doguwar fitarka ta mako ta kai awa biyu da rabi, ko da takawa a ciki, sau biyu ko uku, ta ƙarshe ta kasance mako biyu kafin ranar. Ƙara minti goma zuwa sha biyar a mako ya isa, kuma duk mako na uku ko na huɗu ka rage. Ba sai ka yi kilomita 21 a atisaye ba. 17 ko 18 sun wadatar. Ka haɗa da tsugunna-tashi da ɗaga diddige sau biyu a mako.

Yanzu takawar da ke damunka. Babu dokar tseren titi da ta hana takawa. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koya wa mutane haɗa gudu da takawa bisa tsari tun daga kilomita ta farko, kuma ɗimbin mutane sun gama rabin maraton da maraton ta wannan hanya. Bambancin da ke tsakanin takawarka da tasa shi ne lokaci. Kai ka taka bayan ƙafa ta mutu, don haka kilomita ta ci maka minti 12. Wanda ya tsara takawa tun farko yana yinta da ƙarfinsa, da sauri, kansa a ɗage. Gwada wannan lissafi: gudu na minti huɗu a saurin minti takwas a kilomita, takawa ta minti ɗaya a saurin minti 11. Matsakaicin ya kama kusan minti takwas da rabi, wato ƙasa da awa uku kaɗan. Mai takawa bisa tsari sai ya riga ka shiga da kusan kwata na awa. Abu mafi wuya a wannan hanya shi ne minti na biyar na tseren, lokacin da agogo ya ce taka, kai kuwa kana jin ƙarfi, jama'a na wuce ka. Ka koma gefe, ka ɗaga hannu don na baya su gani, ka taka. Da yawansu za ka sake ganinsu a kilomita ta 17.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ya sa na dakata: shan ruwa a kowane tebur. Ƙishirwa haɗari ce, musamman da zafi, amma mai gudu a hankali yana da wani haɗarin da ba a cika faɗa masa ba. Idan ruwan da ka sha ya zarce wanda ka zubar ta zufa, gishirin jini yakan tsinke, sinadarin sodiyam ya yi ƙasa. A wani bincike da aka yi kan mutum 488 da suka gama maraton na Boston a 2002, kashi 13 cikin ɗari an same su da wannan matsala, kuma daɗewa a hanya da ƙaruwar nauyi yayin tseren suna cikin manyan alamun haɗarin. Mai awa uku yana da lokacin shan kofi biyu a kowane tebur, mai sauri ba shi da shi. Alamun wannan matsala su ne ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, ruɗewa, kuma mutum kan ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara sha. Ka sha idan ka ji ƙishirwa. Ka auna nauyinka kafin doguwar fita da bayanta: idan ya ƙaru, ka sha fiye da kima.

Tunda shekarunka 46 kuma likita ne ya tura ka, ka gaya masa cewa yanzu ka kai wannan nisa. Ciwon ƙirji, suma, ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, waɗannan na tsayawa ne nan take. Tsamin jiki da ke tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan tsere, har saukowa daga bene ya gagara, wannan al'ada ce kuma yana wucewa. Fitsari mai duhu sosai tare da matsanancin ciwon tsoka kuwa na asibiti ne.

Batun teburin da aka naɗe ya taɓa ni, domin na taɓa raka masu gudu na baya a wani tsere, muka iso muka tarar ana kwance allon kilomita, motoci sun dawo kan titi. Na ga yadda fuskar mutanen da nake rakawa ta canja. Sun biya kuɗin rajista daidai da na gaba, sun fi kowa daɗewa cikin rana, su ne suka fi buƙatar ruwan. Idan mutum yana cikin wa'adin da aka sanar, naɗe tebur kafin ya iso gazawar masu shiryawa ce, kuma ya kamata a rubuta musu. Kai kuma, kafin ka sake rajista, karanta wa'adin rufewa: wasu awa uku suke bayarwa, wasu uku da rabi, wasu huɗu. Bincika ko daga harbin bindigar farawa ake ƙirga shi, ko daga lokacin da 'yar na'urar da ke jikin lambar ƙirjinka ta ƙetare layi, domin a babban taro na baya kan ɗauki mintuna masu yawa kafin su kai layin farawa. Manyan tseruka sun fi dacewa da irinka. A Great North Run, wanda ake yi daga Newcastle zuwa South Shields a arewacin Ingila tun 1981, dubun dubatar mutane ke shiga, kuma mai awa uku a cikin cunkoso yake tafiya har ƙarshe. A ƙaramin tsere na 'yan ƙungiyoyin gudu, lokaci iri ɗaya zai bar ka kai kaɗai da motar kwashe na baya. Ko ina za ka, ka ɗauki 'yar gorar ruwanka da abin da za ka ci, kada ka dogara da tebur.

Ka sake shiga, amma ba wata mai zuwa ba. Mako ɗaya na hutu da takawa kawai, mako biyu na sassarfa mai sauƙi, sannan ka zaɓi tseren da ke gaba da wata uku ko huɗu. Takalmi ya zama akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakinsa, domin ƙafa na kumbura bayan awa biyu, abin da ke baƙanta farce ke nan. Shafa basilin a cinya da hammata da kan nono, safa kuma kada ta zama ta auduga. Ranar tseren ka tsaya a sahun baya, ka rubuta a bayan hannunka lokacin da ya kamata ka kai kilomita ta biyar: minti 43. Idan ka iso allon agogo na nuna 39, ka taka har sai ya cika.