Amsa kan ciwon gawut ɗin Baba: abinci kaɗai zai isa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare bayan Babbar Sallah, asibiti suka ce gawut ne, kina tambaya ko gyaran abinci zai wadatar.

Fara duba takardar gwajin. Ana so yurik asid na jininsa, wato sinadarin da taruwarsa ke kawo gawut, ya sauka ƙasa da 6 mg/dL, wato 360 µmol/L. Sama da haka yana iya daskarewa a gaɓa kamar ƙananan allurai, shi ne zafin. Gyaran abinci yakan rage kusan 1 mg/dL ne kawai, don yawancin matsalar ƙoda ce ba ta fitar da shi sosai. Wanda yake kan 9, ƙauracewa nama ba zai kai shi 6 ba.

Duk da haka tukunya tana da nata. Kayan ciki su ne kan gaba: hanta, ƙoda, zuciya, a cire su daga miyar tuwon zafi gaba ɗaya. Jan nama da cicinga kada su wuce tafin hannu, sau biyu a mako. Inda mutanen Kumasi suke faɗawa ba su sani ba shi ne shito, domin busasshen jatan lande da amane ne cikinsa. Sai sadin na gwangwani da ƙananan kifin Keta. Waken da ke cikin wace ba shi da laifi, haka ƙosai, kontomire, ayoyo, ƙwai da nono, kada a hana tsoho abinci a banza.

Lemon kwalba da malta suna ɗaga yurik asid saboda sukarinsu, sobolo ma in an cika sukari. Giya kuwa ba sai an faɗa ba. Ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Da azumi a raba shi tsakanin buɗa baki da sahur. In da ƙiba a rage sannu a hankali, rabin kilo a mako. Horon yunwa shi kansa yana tayar da ciwon.

Ki kai duk magungunansa likita ya gani. Bendro na hawan jini yana riƙe yurik asid, amma kada ya daina da kansa.

Ranar da ciwon ya tashi, a ɗaga ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 20. Ban da tausa, ban da tsaga. Diclofenac na kemis haɗari ne ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. In akwai zazzaɓi a tafi asibiti ranar, ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar.

In yana tashi sau biyu a shekara ko fiye, ko ƙullutu sun fito, zancen allopurinol, maganin da ke rage yurik asid, ya zo. Farkon shansa ciwon kan motsa, a nan mutane ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. A ci gaba, sai dai in ƙuraje sun feso a jiki, to a tsaya nan take a koma wurin likita.