Tudun siminti kaɗai zai hana kaɗe yara a mararrabar unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. Kusa da gidanmu akwai mararraba inda titin kwalta ya haɗu da hanyar rairayi, ga makarantar firamare a tsallake. Bana sau biyu ƴan kabu-kabu suna kaɗe yara a wurin. Mun yi karo-karo za mu zuba tudun siminti a titin. Hakan ya isa, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaran lafiya, ya kiyaye na gaba. Kun gano rabin ciwon, wato gudu. Amma ku dakata da sayen siminti tukuna, don tudun da aka zuba ba bisa awo ba yakan kawo wani haɗarin, kuma bai taɓa sauran rabin ba: yaro da direba ba sa ganin juna sai sun yi kiciɓis.

Mota mai tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga burki, kuma ba za ta tsaya ba sai ta ci wajen mita 27. A kilomita 30, tsayuwar duka ba ta wuce mita 14 ba. Wato inda mai 30 ya riga ya tsaya cak, mai 50 yanzu ne yake taka burki. Wannan lissafin a busasshiyar kwalta mai tsabta ne. Idan rairayi ya hau titi, taya sulɓewa take yi, balle babur. Shi ya sa taron kiyaye haɗurra na duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya. Tsarin garin Maradi ma yana taimakon mai gudu. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka maido gari kan tudu, aka yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, ko'ina mararraba mai ƙafa huɗu. Direba in ya ga hanya sambal, allon gargaɗi ba ya rage masa wuta.

Aikin farko ba ya cin ko dala. Mutum biyu su zauna a wurin kwana uku, lokacin shiga makaranta, lokacin tashi, da bayan magariba. Su rubuta inda yara suke tsallakawa da kansu, da ɓangaren da babura suka fi fitowa a guje. Sawun ƙafa a rairayi ma zai nuna muku. Wurin tsallakawar da aka zana nesa da hanyar da yara suka saba bi, ado ne kawai.

Sai kusurwoyi huɗun. Ka durƙusa a bakin titi har idonka ya zo daidai tsayin ɗan shekara 7, ka duba hagu da dama. Galibi abin da za ka gani teburin mai shayi ne, da kwalaben mai sayar da fetur, da adaidaita da ta tsaya ɗaukar fasinja, da jerin ƴan kabu-kabu masu jiran aiki. Yaron yana fitowa ne daga bayansu kai tsaye zuwa gaban mota. Ana so mita 5 aƙalla, 10 idan da hali, kafin wurin tsallakawa ya zama wayam, babu abin da ya fi gwiwar babba tsayi. Wannan abincin mutane ne, don haka magana ce ta mai unguwa da lallashi: a matsar da su gaba kaɗan, a ware wa ƴan kabu-kabu matsaya bayan mararrabar. Idan aka kore su da ƙarfi, mako ɗaya sun dawo.

Faɗin titi shi ne abin da aka fi mantawa. Yaro ko tsoho yana cin kamar mita ɗaya a daƙiƙa. Idan kwalta da gefenta sun kai mita 12, zai yi daƙiƙa 12 a tsakiyar haɗari, kuma a wannan lokacin mota mai 50 ta zo daga nisan fiye da mita 160. A turo dakalin gefe cikin titi a daidai mararrabar har hanyar ta koma mita 7, hannu biyu. A kuma matse kwanar: kwana mai faɗi ita ke ba babur damar karyawa ba tare da ya sassauta ba, amma matsattsiyar lanƙwasa, mai mita 3 zuwa 5 daga tsakiyar da'irarta zuwa bakinta, tana tilasta masa. Inda faɗi ya isa, a yi ɗan tsibiri a tsakiya mai faɗin mita 2, yaro ya tsallake hannu ɗaya, ya tsaya, ya duba, sannan ya ƙarasa. Sai dai a auna da amalanken shanu da motar kaya mafi girma da ke bin wurin, kada a toshe musu hanya.

Yanzu tudun naku. Irin wanda ake zubawa da dare, siriri mai tsini, yana kayar da mai babur da matar da ya goyo, yana fasa ƙasan mota, yana girgiza marar lafiyar da ake kai wa asibiti. Daga ƙarshe babura su riƙa kauce masa ta gefe, ta kan inda yaran ke tsayawa. Ma'aunin Faransa na tudun da suke kira bayan jaki shi ne tsayi santimita 10, tsawo mita 4. Amma wanda ya dace da gaban makaranta shi ne mai shimfiɗaɗɗen kai: tsayi santimita 10, hawa da gangara mita 1 zuwa 1.4 kowane ɓangare, saman kuma mita 2.5 zuwa 4, a zana fararen layukan tsallakawa a kansa. Direba yana rage gudu a daidai inda yaro yake, yaron kuma ya ƙara tsayi a idonsa. Tudun ya kai daga dakali zuwa dakali, a kafa turaku a gefe don kada babur ya zagaye.

Ruwa da rairayi su ke kashe irin wannan aiki a garin nan. Tudu madatsa ne: daga Yuni zuwa Satumba zai tare ruwa, ruwan ya ci gindin kwalta, ya bar laka. A bar kafa mai murfi a gefe biyu da za ta kai ruwa lambatu. Bakin hanyar rairayin kuma a shimfiɗe shi da tubalan siminti kamar mita 10, don tayoyi su daina kwaso ƙasa zuwa kan kwalta. Fitila mai aiki da hasken rana kuma a kafa ta kafin wurin tsallakawa ta ɓangaren da mota ke zuwa, hasken ya faɗi a jikin mai tafiya.

Titi ba na unguwa ba ne, don haka ku kai takardar abin da kuka ƙirga ofishin magajin gari, ku nemi izini da ma'aikacin da zai auna. Idan babbar hanyar gwamnati ce, irin wadda ta nufi Ɗan Isa, izinin na ma'aikatar hanyoyi ne, kuma hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra tana da ta cewa. Da izinin a hannu, ku fara gwaji na wata ɗaya da gangunan da aka cika da rairayi aka shafa musu fari da ja, a jera su inda dakali da tsibiri za su zauna. Inda kuka ga amalanke yana maƙalewa ko babur yana ratsawa, ku matsar da ganga. Kuɗin karo-karon ku raba shi biyu: kaso babba na siminti bayan gwajin, ƙaramin kuma na fenti da ladan wanda zai riƙa share rairayin kan layukan duk mako, musamman lokacin hunturu.