Maigidana zai tafi haƙar zinare cikin hamada, an ce ya koya wa jikinsa ƙishirwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah a taimaka min da amsa da wuri. Maigidana ya samu aikin haƙar zinare a wani wuri can cikin hamada, kwana biyu ake yi a mota kafin a kai, an ce da rana zafi ba a magana, da dare kuma sanyi har cikin ƙashi. Waɗanda suka riga shi zuwa sun ce masa tun daga gida ya fara rage shan ruwa don jikinsa ya saba, wai mai yawan shan ruwa shi ne yake fara faɗuwa. Yau kwana 8 kenan kofi biyu kawai yake sha a wuni, yana ta fama da ciwon kai kuma ya ce min fitsarinsa ya yi duhu sosai. Saura sati biyu su tashi. Da gaske jiki yana sabawa? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar ki tashi ki ɗebo masa ruwa, ki ce likita ya ce ya sha, sannan ki dawo. Hankalinki bai tashi a banza ba, wannan ciwon kan da fitsari mai duhu ƙoda ce take matse ɗan ruwan da ya rage a jiki. Idan ya koma shan ruwa yadda ya saba aka yi kwana biyu fitsarin bai washe ba, ko kuma yana fita kaɗan-kaɗan, a je asibiti a gwada ƙoda kafin a yi maganar tafiya.

Garuruwan ma'adinai dama ba don daɗin zama aka kafa su ba, inda arzikin yake a ƙasa nan ake kai mutum ko da wurin tsuntsu ba ya kwana. Akwai Marble Bar a yammacin Ostireliya da aka taɓa yin kwana 160 a jere, daga ƙarshen 1923 zuwa 1924, zafi bai kasa digiri 37.8 ba. A Coober Pedy, ita ma a Ostireliya, masu haƙar dutsen ado cikin ƙasa suka fafe ɗakuna suke kwana saboda rana. Norilsk ta Rasha sanyi yana wuce 40 ƙasa da sifili kuma ana yin kusan wata ɗaya da rabi rana ba ta fito ba, La Rinconada ta Peru tana sama da mita 5,000 a kan dutse, iskar da mutum zai shaƙa a can kusan rabin ta bakin teku ce. Kowanne da irin yadda yake cin mutum. Na maigidanki zafi ne da bushewar iska, kuma a nan ne wannan muguwar shawarar take kashe mutane.

Jiki yana sabawa da zafi, wannan gaskiya ne, amma ba ya sabawa da ƙishirwa, ko kaɗan, ko an shekara ana horar da shi. Mutane sun haɗa abu biyu sun mayar ɗaya. Sabon da jiki yake yi da zafi yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14, kuma kin san me yake canzawa a cikin kwanakin? Gumi yana fara fitowa da wuri, yana ƙara yawa, gishirin cikinsa yana raguwa, ruwan jini yana ƙaruwa don zuciya ta samu abin turawa fata. Wato wanda ya saba da zafi ya fi baƙo zubar da gumi, saboda haka ya fi baƙo buƙatar ruwa. To mutumin da ya hana kansa ruwa da me jikin zai yi wannan aikin? Ya rushe ginin tun kafin a sa tubali, zai isa wurin a bushe, ranar farko ta fi ƙarfinsa.

Kuma ba yau aka fara wannan kuskuren ba. Sojojin ƙasashe da yawa sun daɗe suna hana kuratansu ruwa da sunan horo, har lokacin yaƙin duniya na biyu wani masanin aikin jiki, Edward Adolph, ya shiga hamadar Kalifoniya da tawagarsa suna auna sojojin Amurka kafin tafiya da bayan tafiya, suna auna gumi da bugun zuciya da zafin jiki. Sakamakon ya fito a 1947: ba a koya wa ɗan Adam rage buƙatar ruwa. Har ma sun gano cewa mutum ko ruwa na gabansa ba ya shan abin da zai mayar da gumin da ya zubar, ƙishirwa tana zuwa a makare. A mahaƙar zinare ta Afirka ta Kudu, inda rami kamar Mponeng ya kusa kilomita 4 kuma dutsen cikinsa yana kai digiri 60 sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin a iya aiki, shekaru aka yi ana saka sabbin ma'aikata a ɗakin da aka zafafa suna hawa da sauka a kan dakali na kwanaki kafin a bari su shiga rami. Hanya ce mai tsanani, ma'aikata sun tsane ta, daga baya aka sauya, amma ki lura ko su da zafi suke saba wa mutum, kaɗan-kaɗan, ba da ƙishirwa ba.

Kullum sai wani ya kawo min maganar raƙumi. Raƙumi zai rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a ruwa yana tafiya, zafin jikinsa yana hawa daga 34 zuwa kusan 41 ya sauko da dare lafiya lau, halittarsa ce haka. Mutum in ya rasa kashi 2 cikin 100 ƙarfinsa da hankalinsa sun fara raguwa, a nan ne ake zamewa daga igiya, ake sare ƙafa da diga, in ta kai kashi 10 kuma ana maganar rai ne. Mai aikin ƙarfi a rana yana zubar da lita 1 ko fiye a awa ɗaya, a hamada ma ba zai ga gumin ba don iska tana shanye shi nan take, sai dai da yamma ya ga farin zanen gishiri a bayan rigarsa da hammata. Ki lissafa awa 8, ki ajiye kofi biyu a gefe ki gani.

Na san inda maganar rage shan ruwa ta samo asali. Mutum ne zai wuni bai sha ba, ya zo ya kafa kai a jarka ya kwankwaɗi lita biyu a tsaye, cikinsa ya murɗa ya yi amai, ko kuma ya sha ruwa zalla bai ci komai ba tsokarsa ta ɗaure saboda gishiri ya fita, sai na gefe su ce ka gani ruwa ne ya kayar da shi. Sannan kar mu yaudari kanmu, a irin waɗannan wuraren da tanka ake kawo ruwa daga nesa, duk wanda yake biyan kuɗin tankar wannan jita-jitar tana yi masa daɗi, shi ya sa ba ta mutuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu tebur ɗin ƙwayoyi da ba a rasa su a bakin kowane rami. Yaro ya ce jikinsa yana ciwo sai a ƙulla masa tiramadol da dikulofenak a leda. Tiramadol yana kashe gajiyar da ya kamata ta zaunar da shi a inuwa, yana kuma iya jawo farfaɗiya, dikulofenak da ibufurofen kuma suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, ƙodar da dama a bushe take. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado na Amurka ta Tsakiya matasa masu saran rake da yawa sun rasa ƙodarsu ba hawan jini ba ciwon suga, kuma babban abin da masana suke zargi shi ne aikin zafi da bushewar jiki kullum kullum. Wankin ƙoda ba ya jiran a sayar da zinare.

Akwai wani saurayi da aka taɓa kawo min a bayan mota a wani sansanin haƙa, satinsa na farko kenan. Tun azahar ya fara surutai yana kai wa abokansa duka, suka ɗauka ƙwaya ce, wani ya ce zazzaɓi ne ya hau kai, suka ba shi farasitamol suka lulluɓe shi da bargo wai ya yi gumi ya fita. Da na taɓa ƙirjinsa kamar bangon tanda, awo ya nuna sama da 41, leɓensa ya tsage, harshen ya manne. Muka yage rigar muka dinga kwara masa ruwa ana fifita. Ya rayu, amma ƙodarsa ba ta dawo daidai ba. Bugun zafi ba zazzaɓi ba ne, farasitamol ba ya taɓa shi sai ma ya ƙara wa hanta wahala. Duk wanda ya rikice, ko yake tangaɗi, ko yake maganar da ba ta da kai a cikin rana, ko da yana gumi, a kai shi inuwa a cire kaya a jiƙa shi sharkaf ana fifita, in akwai baho a tsoma shi har wuya ana riƙe da kansa, a fara sanyayawa nan take kafin a nemi mota, rabin awar farko ita ce komai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa ruwa a baki.

Abin da zai yi a sati biyun nan mai sauƙi ne. Ya sha ruwa sosai, kullum ya yi tafiya mai ƙarfi ko aiki a zafi na awa ɗaya zuwa biyu, yana ƙarawa a hankali. In ya isa, ƙa'idar da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da ita ce sabon zuwa kar ya wuce kashi 20 cikin 100 na aikin yini a ranar farko, kullum a ƙara abin da bai wuce 20 ba, don yawancin waɗanda zafi yake kashewa a kwanakin farko suke faɗuwa. Kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kar ya jira ƙishirwa, kar kuma ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Ya ci abinci a kan lokaci, gishirin ciki ya isa, ya tafi da fakitin gishiri da suga na asibiti don ranar gudawa. In yana shan maganin hawan jini ko na suga sai ya ga likitansa tukuna. Duk sanda ya dawo hutu ya kwana biyu, sabon ya fara gogewa, ya sake farawa a hankali. Da dare kuma komai sanyi kar a kunna gawayi ko janareta a rufaffen tanti, hayaƙin da yake kisa ba shi da wari, barci kawai ake yi.

Ku kuma masu rami da fomanoni, ku ji tsoron Allah. Mutumin da kuka ɗauko daga wurin iyalinsa amana ce a wuyanku, kuna lissafin man janareta zuwa lita amma ruwan da ɗan Adam zai sha sai ku ce ya yi haƙuri zai saba. Masu haƙar gishiri na Taudeni a arewacin Mali da suka gaji aikin kaka da kakanni, in watannin zafi suka kama tattarawa suke su bar wurin. Ku kafa rumfa, ku ajiye tanki kusa da bakin rami, ku tsayar da aiki tsakar rana.

'Yar'uwa, in ya tafi ya samu wurin da waya take kamawa ya kira ki, bayan gaisuwa ki tambaye shi sau nawa ya yi fitsari yau kuma wane launi. In ya ce sau ɗaya, ko ya ce ya yi duhu, ki ce gobe kar ya shiga rami sai ya washe.