Tambayoyinku: Tsofaffin kaset-kaset da rediyon Baba

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali guda na kaset. Akwai wasannin Samanja Mazan Fama da ya riƙa ɗauka daga Rediyon Kaduna, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, har da shirin Zaɓi Sonka na ranar da aka karanta gaisuwarsa. Da su muka tashi. Yaya zan mayar da su waya ba tare da na lalata su ba? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan Baba. Ki fara da waɗanda aka ɗauka daga rediyo, ki bar na mawaƙa daga baya. Waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, suna hannun mutane da yawa. Amma shirin da aka watsa sau ɗaya aka wuce, irin wannan gaisuwa ta Baba, mai yiwuwa kaset ɗinki ne kaɗai ya rage. Gidajen rediyo a da sukan goge faifai su sake ɗaukar wani shiri a kansa saboda tsadarsa.

Kafin kaset ya shiga rikoda, ki duba bayansa ta sama. Akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ki ɓalle su. Idan babu su, jan maɓallin ɗauka ba zai danna ba, ko da yaro ya taɓa. Sannan ki leƙa ta tagar kaset ɗin. In kin ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, ki ware shi daban, domin zai shafa wa rikodar ita kuma ta shafa wa sauran. Ki duba ƙasa, tsakiyar inda zaren yake wucewa: akwai ɗan guntun soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danne zaren a jikin hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, sai murya ta dushe ko ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Ana mayar da shi da ɗigon gam ɗaya, a bari ya bushe sarai. Daga nan ki sa biro mai kusurwa shida a ramin kaset ki juya a hankali. Idan ya cije, kada ki tilasta. A kwance kusoshi biyar na jikinsa, a ɗauke zaren duka a sa a gidan wani kaset mai lafiya. Wanda aka manne ba kusoshi sai an tsaga shi ta gefe, wannan aikin mai gyara ne.

Rikodar ita ce ke cin kaset, ba kaset ke cin kansa ba. Wadda ta shekara ashirin a ajiye, bel ɗinta ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, baƙar rolar da ke jan zaren kuma ta taurare ko ta yi danƙo. A canza bel. A jiƙa auduga da sifirit a goge hed da siririn ƙarfen da ke juyawa kusa da rola, har audugar ta daina fitowa da ruwan ƙasa, a jira minti biyar. A gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba tukuna. A yi hattara da masu lamba 120, zarensu ya fi siriri, su ne rikoda ta fi taunewa. Masu lamba 60 da 90 sun fi juriya.

Kada ki kara waya a bakin sifika. Za ki kwashe kukan zakara da ƙarar janareta, muryar kuma ta fito kamar daga cikin rijiya. Ki samu kebul mai kai irin na abin sauraro a kowane gefe, mai kaurin milimita 3.5, ɗaya a ramin abin sauraro na rikoda, ɗaya a kwamfuta. Yawancin ƙananan kwamfutocin yanzu rami ɗaya ne da su, ba ya karɓar irin wannan sauti yadda ya kamata, don haka sai an haɗa da ƙaramar na'urar sauti da ake sokawa ta USB. Manhajar Audacity ta ɗaukar sauti a kwamfuta kyauta ce, ta kuma isa. A saita ta a 44,100, a ajiye a tsarin WAV. A ɗaga muryar rikoda daga ƙasa har ma'aunin sauti na manhajar ya riƙa kaiwa wajen -6, kada ya taɓa ja. Sautin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa, wanda ya yi ƙasa kuwa ana iya ɗaga shi. In ana jin wani gurnani mara yankewa, daga wutar lantarki yake, a cire rikoda da kwamfuta daga soket a yi aiki da batir.

Minti ɗaya na WAV yana cin kusan megabait 10, wato kaset mai lamba 60 zai ci wajen 600. Wannan shi ne na ajiya, a sa shi a wuri biyu. Wanda za a sa a waya ko a aika wa dangi kuwa a fitar da shi a tsarin MP3. Ki rubuta duk abin da Baba ya rubuta a jikin kaset a sunan fayil ɗin, kuma kada ki zubar da kaset ɗin bayan an gama.

Tambaya: Na kunna wani kaset na Samanja sai na ji muryarsa ta yi siriri tana sauri, ba wadda na sani ba. Kaset ɗin ne ya lalace? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, da wuya. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batir ya yi sanyi ranar da aka ɗauki shirin, zaren ya tafi a hankali, yau kuma da ka kunna shi da cikakkiyar wuta sai murya ta yi sauri ta sirance. Ka gwada wani kaset na kamfani a rikodar. In shi ya fito daidai, matsalar daga ranar ɗauka take, kuma Audacity tana da wurin rage gudu: ka rage kaɗan-kaɗan har muryar Usman Baba Pategi, wato Samanja, ta koma mai kaurin nan ta barikin soja. In duka kaset suna sauri, injin rikodar ne, akwai ɗan ramin saiti a bayansa da mai gyara zai juya. Muryar da ke rawa tana hawa da sauka kuwa bel ne ko rola.

Tambaya: Da rediyon kakanmu muke jin BBC da Muryar Amurka da Jamus tun muna yara. Yanzu sai shuuu kawai a gajeren zango. Ya mutu ne? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ka fara da gidan batir. Batirin da aka manta a ciki yakan zubo ya ci ƙarfen. A kankare da 'yar takardar yashi har ƙarfe ya yi haske. Maɓallin sauya zango shi ma yakan yi datti, a fesa masa man goge na'urorin lantarki a motsa shi sau ashirin.

Idan yana kama FM ko matsakaicin zango, to da ransa. Gidan ne ya canza. A zamanin da kake magana babu ƙwan fitila na LED, babu cajar waya, babu inbata, kuma waɗannan duka suna fitar da hayaniyar da ke danne gajeren zango. Ka fita tsakar gida da shi a kan batir, ka ɗaura siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa goma a eriya, ka rataya ta nesa da wayoyin wuta. Lokaci ma yana da tasiri: mita 16 da 19 sun fi kamawa da rana, mita 41 da 49 da dare da asuba. Idan tasha ta faɗi lamba a kilohaz alhali rediyonka mita ke rubuce, raba 300,000 da lambar. Misali 6090, inda aka san Rediyon Kaduna, ta faɗa kan mita 49. A matsakaicin zango kuwa doguwar eriya ba ta da aiki, ta ciki ce ke kamawa, sai dai ka juya rediyon kansa har murya ta fito.

Akwai kuma abin da ba daga wajenka yake ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Amurka a 1979, lokacin da gajeren zango ne kaɗai hanyar isa ƙauyuka daga ƙetare. Tun daga baya manyan tashoshi da dama sun rage sa'o'insu a can sun koma FM da intanet, kuma mitocin suna sauyawa sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Inda kakanku ya yi alama da biro a fuskar rediyon ba lallai ne a sami kowa a wurin yanzu ba, sai ka nemi sabon jadawalin tashar.